Gaɓa 12 cif a kowane layi, amma kawu ya ce waƙar ta karye

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa, shekara biyu ke nan ina gwada rubuta waƙa da Hausa. A lise an koya mana ɗangon waƙar Faransanci mai gaɓa 12, sai na ari wannan dabara: kowane layi nakan ƙirga gaɓoɓinsa da yatsu har su zo daidai, in kuma daidaita ƙarshensu. Na kai wa kawuna, wanda ke jan Ishiriniya a unguwarmu lokacin Mauludi. Ko baiti biyu bai kai ba ya miƙo mini takardar ya ce, 'Ɗana, wannan ba ta reruwa, ta karye.' Da na ce ya nuna mini inda ta karye, sai ya ce shi dai kunnensa ya ƙi ta. Ga baitin farko:

Samari sun tafi biɗa sun bar gari,
Mata da tsofaffi na ta yin haƙuri.

Na ƙirga, 12 ne sama da ƙasa. Ina laifin yake? Kuma dole sai na yi karatun aruli da Larabci kafin in iya? Larabcina bai wuce na allo ba."

Wa alaikumus salamu, ɗana. Ƙirgarka daidai take, kawunka kuma gaskiya ya faɗa maka. Abin da ya raba ku, kai ƙirga kake yi, shi awo yake yi. Faransanci yana lissafin yawan gaɓoɓi ne, shi ya sa yatsu suka ishe ka a can. Waƙar Hausa kuwa nauyin gaɓa take dubawa, da yadda masu nauyi da marasa nauyi suke jeruwa. A kasuwar Galmi ba wanda zai ce buhu biyu ɗaya suke don kowanne yana da albasa ɗari, sai an cira an ji. Tambayarka ta biyu, ta Larabci da aruli, wato ilimin awon waƙa, zan zo kanta, amma ka kwantar da hankalinka tun yanzu: karatun allon da kake rainawa ya riga ya ba ka rabin abin da kake nema.

Gaɓa iri biyu ce

Gaɓar Hausa ko dai gajeruwa ce ko doguwa. Gajeruwa ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar da, ko ta da fi na cikin tafi. Doguwa kuwa tana zuwa ta hanya biyu: baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar so da kai da yau, ko kuma gaɓar da baƙi ya rufe, kamar sun, bar, can. A takarda muna sa v ga gajeruwa, mu ja layi – ga doguwa. Ka riƙe cewa doguwa ɗaya tana cin lokacin gajeru biyu. Hujjar tana bakinka: ilimi da ilmi kalma ɗaya ce, ta farko gaɓa uku (v v –), ta biyu gaɓa biyu (– –), amma nauyinsu ɗaya, shi ya sa mawaƙa ke musanya su ba tare da waƙa ta ji ciwo ba. Mai ƙirga da yatsu zai ce sun bambanta.

Babban abin da ke ɓatar da ƴan boko irinmu shi ne rubutun boko yana ɓoye tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutu ɗaya ne, alhali na farko v – ne, na biyu – –. Haka suna na yanka rago da suna na "suna zuwa", haka dawa ta rumbu da dawa ta namun jeji. Bakinka bai taɓa rikita su ba, idonka ne aka hana wa gani. Bayan taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka an yi wani zamani a Nijar ana ninka wasali a littattafan yaƙi da jahilci don a nuna dogo, daga baya aka daidaita rubutu da na Najeriya aka bari. Ga mai karanta jarida ba a yi asara ba, amma mai koyon waƙa ya yi. Ajami kuwa bai ɓoye wannan ba: dogon wasali yana da alif ko wawu ko ya, gaɓar da baƙi ya rufe tana da ɗauri a kanta. Kawunka a ajami ya saba ganin waƙa, kuma da kunne ya fara koyonta. A wannan fage ji ne ya kori gani.

To mu feɗe baitinka, zan ninka dogayen wasula don ka gani.

Sa-maa-rii sun ta-fi bi-ɗaa sun bar ga-rii
v – – – v v v – – – v –

Maa-taa da tsoo-faf-fii naa ta yin ha-ƙu-rii
– – v – – – – v – v v –

Dubi ɗangon farko. Ya tashi lafiya da samari, sai ya yi tuntuɓe a "tafi bi", gajeru uku a jere, harshe ya zura da gudu, sannan ya zo ya ci karo da dogaye uku. Na biyu kuma ya fara da dogaye biyu inda ɗan'uwansa ya fara da gajeruwa, ya tara dogaye huɗu a tsakiya kamar amalanke a cikin yashi. Duk muryar da kawu ya ɗora wa na farko ba za ta hau na biyu ba. Abin da yake nufi da karaya ke nan, ko da bai iya sa mata suna ba.

Ga wani gwaji ƙarami. Wannan baiti nawa ne, na yi shi don darasi:

Manoma suna can cikin damuwa,
Suna addu'a: Jalla kawo ruwa.

Ma-noo-maa / su-naa-can / ci-kin-daa / mu-waa. Wato v – – sau uku, sannan v –. Na biyu ma haka: su-naa-ad / du-'aa-Jal / la-kaa-woo / ru-waa. Ka rera shi sau uku kana buga cinya. Yanzu cire manoma ka sa malamai. Gaɓa uku ka cire, uku ka mayar, lissafi bai motsa ba, 11 ne har yanzu. Sake rerawa. Za ka ji ƙafarka ta zurma rami tun a kalmar farko, domin malamai – v – ce. Ka kuma lura ƙafar waƙa, wato kowane yanki da na raba da /, ba ruwanta da iyakar kalma, tana iya raba damuwa biyu, rabi nan rabi can.

Inda aruli ya shigo

Wannan tsari na v – – da ka ji sunansa Mutaƙarab, ƙafarsa kuma fa'uulun. Sunayen sun zo ne daga Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, wanda ya bi waƙoƙin Larabawa ya fitar da karuruwa 15, wato ma'aunan waƙa, daga baya wani malami, Ahfash, ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Ana ba da labarin cewa a kasuwar maƙera ya ji bugun guduma, abin ya faɗo masa. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, Larabawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna waƙa daidai kafin a haifi Halilu. Shi ya zo ya rubuta abin da kunnuwa suka riga suka sani. Kuma awonsa na haruffa ne, mai wasali da mai ɗauri, abin da ka yi ta haddacewa a gaban allo. Harafi mai wasali shi kaɗai gajeruwar gaɓa ne, in mai ɗauri ko harafin ja ya bi shi ta zama doguwa. Iyakar Larabcin da kake bukata ke nan, sai sunayen ƙafafu da ba su wuce goma ba.

Dalilin da ya sa ma'aunin Larabawa ya zauna wa Hausa daram shi ne harsunan biyu duk suna raba gaɓa gida biyu ta hanya ɗaya. Malaman ƙarni na 19 sun tashi da ƙasidun Larabci a baki, da suka so su yi wa jama'a wa'azi da harshen da take ji sai suka zuba Hausa da Fulatanci a cikin muryoyin da suka sani. Kai da ke Tawa abin ma na gida ne, don Maratta inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 tana nan cikin jiharku, wajen Galmi. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙa da harsuna uku, kuma jajojinta, wato matan da ta koyar, da ka suke ɗaukar waƙoƙin su kai wa mata a ƙauyuka. Waƙar da za a haddace a tafi da ita a ƙafa dole karinta ya tsaya, in ba haka ba ta zube a hanya. Wannan ne amfanin kari na asali, kafin ya zama abin jarrabawa a jami'a.

Karuruwan ma da yawa suna cikin kunnenka ba ka sani ba. Ishiriniyar da kawunka ke ja Ɗawil ce. Burda Basiɗ ce, Hamziyya Hafif. Littattafan ilimi da aka waƙe don hadda, irin su Ibn Ashir da Alfiyyar ɗan Maliki, Rajaz ne. Ban ce ka fara da Ɗawil ko Basiɗ ba, dogaye ne masu haɗa ƙafa iri biyu, suna gajiyar da sabon hannu. Amma ka san ba baƙi ba ne a gidanku.

Kada kuma ka ɗauka duk abin aro ne. Faɗi karin maganar nan a hankali: komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Koo-mai / nii-san / jii-faa / ƙa-sa-zai / faa-ɗoo. Ƙafa biyar, kowacce nauyi ɗaya, huɗu – – ɗaya v v –. Wannan shi ne tafiyar Mutadarak yadda mawaƙan Hausa suka fi yin sa, kuma wanda ya fara faɗin maganar bai nemi izinin Basra ba. Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda ya rasu a 1990, daga waƙar baka ya ɗauko muryar Imfiraji, ga ta nan har yau almajirai da makafi suna rera ta a ƙofofin gidaje. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan wane kari ne na aro, wane ne na gado da aka sa wa rawanin Larabci. Ni a nawa ganin, ga mai koyo wannan gardama ba ta ƙara masa ko baiti ɗaya.

Mu gyara naka

Tunda samari v – – ce, baitinka da kansa ya nuna Mutaƙarab yake so. Na taɓa shi kaɗan:

Samari da dama sukan bar gari,
Iyaye da mata suna haƙuri.

Sa-maa-rii / da-daa-maa / su-kan-bar / ga-rii. Wannan ya cika. Na biyu: i-yaa-yee / da-maa-taa / su-naa-ha / ƙu-rii. Ka ga ƙafa ta uku ta zo v – v maimakon v – –. Ba karaya ba ce, sassauci ne da karin ya yarda da shi, irin wanda ake kira zihafi, wannan kuma sunansa ƙabli. Kowane kari yana da wuraren da yake lanƙwasa da wuraren da in ka taɓa sai ya karye. A Mutaƙarab kana iya gajarta doguwar ƙarshen ƙafa, amma gajeruwar farko da doguwar da ke bin ta turke ne, ba a girgiza shi. Malamai ta karya baitin ɗazu ne don ta tumɓuke turken.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ni gyaran nan bai gamsar da ni ba. Biɗa ta fita, alhali ita ce kalmar da ta sa baitin ya zama na Adar, duk wanda ya ga motocin Abijan suna lodi bayan kaka ya san abin da take ɗauke da shi. Haƙuri kuma a takure take. Kalmomi masu fara da gajeru biyu, irin su haƙuri, tafiya, hadari, kwaɗayi, gidansu Kamil ne, mai ƙafar mutafaa'ilun, v v – v –. Saurara:

Haƙuri ake da zaman jira a rashin miji,
Ya bar gari domin biɗa, babban gwaji.

Ha-ƙu-rii-a-kee / da-za-man-ji-raa / a-ra-shin-mi-jii. Ƙafa uku cikakku. A ɗango na biyu kowace ƙafa ta haɗe gajerun nan biyu na farko sun zama doguwa ɗaya: yaa-bar-ga-rii / doo-min-bi-ɗaa / bab-ban-gwa-jii, wato – – v –. Wannan zihafi sunansa ilmari, kuma shi ne lissafin ilimi da ilmi da muka yi a sama. Da za a ba ka ɗango na biyu shi kaɗai, sai ka rantse Rajaz ne, don mustaf'ilun ma haka take. Ba a yanke wa waƙa hukunci da ɗango ɗaya, sai an bi ta an ga ko v v – v – ta ɓullo a wani wuri. Na sha ganin ɗalibai sun faɗi a nan.

Ka lura da abin da ya faru: da na sauya kari, maganar ma ta sauya. A Mutaƙarab labari nake bayarwa daga nesa, a Kamil na shiga ɗakin matar. Shi ya sa ba a zaɓen kari da ka. Ka nemi kalmomi biyu ko uku da waƙar ba za ta rayu ba sai da su, ka auna su, su za su nuna maka gidan da za su zauna.

Harshenku na Adar jari ne

Akwai tarkuna a nahawu da boko ke rufewa. Ya ta "ya zo jiya" doguwa ce, amma ta "da ya zo" gajeruwa ce. Wasalin ƙarshe na kama dogo ne a "ya kama shi", gajere ne a "ya kama ɓarawo". Ba ka bukatar haddace dokokin nan, ka dai faɗi jimlar yadda za ka faɗa wa mahaifiyarka, ka saurari bakinka. Gaɓar ƙarshen ɗango kaɗai ce ba a tuhuma, ko gajeruwa ce ana lissafa ta doguwa saboda tsayawar numfashi.

A nan ne mutumin Tawa ya fi na Kano sarari. Inda daidaitacciyar Hausa ke da "da ya zo" (v v –), kai kana da "da yaz zo" (v – –), ƙafar Mutaƙarab sukutum. Suka gajeru biyu ce, sunka doguwa da gajeruwa. Haka munka, anka, tac ce. Waƙoƙin ƙarni na 19 cike suke da waɗannan don Hausar yamma ce ta masu su, kuma mawaƙan Kano da Zariya na baya sun yi ta aron sunka da anka duk inda kari ya matse su. Wani ninkin kuwa ba ya sauya komai: kasuwa da kassuwa duk – v – ne, hula da hulla duk – –. Shawarata, ka zaɓi harshe ɗaya ya zama gindin waƙar. In Adaranci ne, ka sake jiki ka yi shi. Wanda ya ce suka a baiti na uku, sunka a na huɗu, shina a na biyar, yana a na shida, duk mai kunne ya san cike gurbi yake yi.

Yadda ni na koya, da yadda nake koyarwa

Ban fara da littafi ba, kuma ban ga wanda ya fara da littafi ya yi nisa ba. Wani dattijo ne a zaure ya sa ni in haddace baiti ashirin na wata waƙar wa'azi, in zo in rera yana kaɗa yatsa a kan buzu. Sai da na yi wata guda a haka sannan ya ce, to zuba naka kalmomin a cikin muryar. Sunan karin ma sai bayan shekaru na ji shi a aji a nan Yamai, na ce ashe abin da nake yi ke nan. Haka mawaƙa suka saba tun da, a ji murya ta yi daɗi a ɗora mata sabuwar magana. Kunne ya girmi kaka.

Saboda haka ka nemi waƙa ɗaya ta wani gwani wadda ka ji ana rerawa, ba wadda ka gani a takarda kawai ba. Na Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duk suka rasu a 1958, da na Aƙilu Aliyu an buga su da boko, ana kuma samun muryoyin wasu a waya. Masu sayar da littattafan addini a bakin kasuwa suna da ƴan ƙananan waƙoƙin ajami, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kawunka zai rera maka su. In hanya ta kawo ka Yamai, cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tarin Bubu Hama ya zama harsashinsa. Ka haddace baiti goma. Ka kwafe su da hannu kana ninka dogayen wasula, ka sa v da – a ƙarƙashi, ka nemo abin da ke maimaituwa. Sannan ka zuba naka.

Ka kuma buɗe shafi a bayan littafinka ka riƙa tara kalmomi bisa siffarsu. Manoma, mutane, tunani, amana a gefe ɗaya. Duniya, gaskiya, lafiya, godiya a wani. Bayan ƴan makonni za ka ga tun kalma ba ta gama fita bakin mutum ba ka san gidanta. Ka zauna a kari ɗaya wata biyu ko uku kafin ka taɓa wani. Ni Mutaƙarab nake ba masu farawa don ƙafarsa ɗaya ce kuma Hausa ta cika da kalmominsa, daga nan Kamil, daga nan Mutadarak, wanda yake da sauƙin shiga amma yana saurin zama surutu a hannun wanda bai ƙware ba.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai da ƙarfi: kada ka zama alƙalin waƙarka da muryarka. Mai waƙa yana ja wa kansa wasali bai sani ba, don ya san inda ramin yake sai ya tsallake. Ina saurayi na yi wa wani abokina waƙar walimar aure. A wani baiti na jero wa ango da amarya addu'a, lafiya da zuri'a da arziki, na rufe da roƙon Allah ya ba su duka. Karin yana neman dogaye biyu a wurin, ni kuwa da na yi ta rerawa a ɗaki sai na riƙa jan kalmar ban lura ba. Ranar walima na tashi gaban jama'a na roƙa wa ango da amarya duukaa. Tsofaffin da ke gaba suka sunkuyar da kai, samarin baya suka fashe, wata gwaggon amarya ta ɗaga murya daga cikin gida ta ce ba amin ba. Har yau in mun haɗu da angon, da jikokinsa, sai ya tambaye ni ko addu'ar tana nan. Tun ranar, duk abin da na rubuta sai na miƙa wa wani ya rera ina saurare, ban faɗa masa muryar ba. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne. Akwai abin da ake kira lalurar waƙa, inda ake yafe wa mawaƙi ɗan ja ko ɗan datsewa, manya ma sun yi. Amma lalurar da ta sauya ma'ana ba lalura ba ce, kuma wanda bai iya tafiya daidai ba tukuna bai kamata ya fara da neman rangwame ba.

Amsa-amo ba shi ne matsalarka ba, gari da haƙuri sun amsa juna. Ka dai sani a rubutacciyar waƙa gaɓar ƙarshe ake so ta dawo da baƙinta da wasalinta, -ri da -ri, ba wasali kaɗai ba, kuma d da ɗ ba ɗaya ba ne. A ƴar ƙwar biyu ta gargajiya ƙarshen kowane baiti ne ke riƙe da amo ɗaya tun daga farko har ƙarshen waƙa, don haka kafin ka ɗaura aure da -ji ka ƙirga kalmomin da kake da su. -Wa da -ya da -ra sun fi yalwa. A ƙwar biyar ɗango huɗu na farko suna da nasu ƙaramin amo da ke sauyawa baiti baiti, na biyar ya komo ga babban. Tahmisi kuwa shi ne ka ɗauki ƴar ƙwar biyu ta wani ka ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti, da karinsa, kamar yadda aka yi wa Ishiriniyar da kuke ji. In ka ɗan yi ƙarfi ka gwada shi, makaranta ce babba, don mai waƙar yana riƙe da hannunka.

Iyakar abin da wannan amsa za ta yi maka shi ne ta nuna maka inda za ka sa kunne. Alamun v da – ba sa rera kansu, kuma akwai waƙoƙin da a takarda za ka ga kamar sun cije, amma a bakin mai su sai su zauna, saboda inda yake jan numfashi da inda yake shiga kafin bugu. Awon da na yi wa baitocin nan ma da nawa furucin na yi shi, in wata kalma ta fita daban a bakin mutanen unguwarku, nasu za ka bi. Kuma kari ba ya mai da magana waƙa. Na karanta baitoci ɗari da ba su karye ko sau ɗaya ba, na tashi ban riƙe ko ɗaya ba. Baitinka karyayye ne amma akwai mutane a cikinsa, shi ya sa na zauna na ba shi wannan lokaci.

Ka koma wurin kawu da baitocin nan biyu, na Mutaƙarab da na Kamil, kada ka gaya masa sunayensu. Ka ce ya rera. Wanda ya fi zama a bakinsa, ka ɗora baiti tara a kai su cika goma, ka mayar da tsofaffin nan da na cire maka, don na ga kamar su ne ka fi so ka yi magana a kansu. Tsofaffi dogaye uku ce, ba za ta shiga Mutaƙarab cikin sauƙi ba, a Kamil kuwa sai ta haye kan ƙafa biyu. Wannan aikinka ne. In ka gama ka sa shi ya rera a waya ka turo mini muryar tare da rubutun.